2GB: Gidan rediyon da ya fara da wa'azin zumunci, ya koma cinikin fushi

MAI karatu, idan ka taɓa kallon fim ɗin nan na Amurka mai suna Network, wanda ya fito a 1976, na san ba za ka manta da Howard Beale ba. Dattijo ne mai karanta labarai a talbijin, wanda aka ce za a sallama daga aiki saboda masu kallon sa sun ragu. Sai kan sa ya juye, ya shiga zazzaga faɗa a gaban kyamara, har ya umarci mutanen gari da su buɗe tagogin su su yi ihu, su ce sun gaji. Abin mamaki, sai ga jama'a su na tururuwar kallon sa. Da masu gidan talbijin su ka ga fushi ya na kawo kuɗi, sai su ka ba shi fili na kan sa. Ranar da kasuwar sa ta faɗi kuwa, su ka sa aka bindige shi ana tsakiyar shiri.

Jarumin da ya fito a matsayin Beale shi ne Peter Finch. Ya rasu a Janairun 1977, kafin a miƙa masa kyautar Oscar da wannan rawa ta jawo masa, ya zama ɗan wasa na farko da ya ci kyautar bayan ya kwanta dama. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Finch ya goge muryar sa ne a wasannin kwaikwayo na rediyo a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya. Kuma gidan rediyon da ya fi kowanne ƙarfi a wannan fage a lokacin, wato 2GB, shi ne daga baya ya rayu da irin labarin Beale a zahiri, ba a fim ba. Tarihin wannan gida na ke so mu bi tare a wannan wata, domin akwai abin lura a cikin sa ga duk mai murɗa akwatin rediyo da safe.

Sunan wanda aka ƙona

Da farko dai, me ya sa aka ce 2GB? A Ostireliya kowace jiha ta na da lambar ta a sunayen gidajen rediyo. Lamba 2 ta jihar New South Wales ce, inda Sidni ta ke, 3 kuma ta jihar Victoria. Haruffan da ke biye, masu gida ne ke zaɓa. To, G da B ɗin nan sunan wani malamin falsafa ne ɗan Italiya, Giordano Bruno, wanda aka ƙona da ran sa a wani dandali a birnin Rum a 1600, bayan kotun coci ta same shi da laifin bidi'a. Ka ji fa, gidan da zai shahara a kan magana an raɗa masa sunan mutumin da baki ya yanka wa wuya.

Waɗanda su ka kafa gidan ba 'yan kasuwa ba ne. 'Yan wata ƙungiya ce ta masu binciken asirin ruhi da addinai, Theosophical Society, wadda aka kafa a New York a 1875, daga baya ta maida hedikwatar ta Adyar, kusa da birnin Madras na Indiya, wanda yanzu ake kira Chennai. Shugabar ta a lokacin wata Baturiyar Ingila ce, Annie Besant, wadda har ta taɓa shugabantar jam'iyyar Congress ta Indiya a 1917. Mabiyan ta sun yi imani da cewa rai ya na sake dawowa duniya a wani jikin, irin dai abin da ka saba gani a finafinan Indiya, kuma a ganin su ran Bruno ne ya dawo a jikin Besant. Daga nan sunan ya samo asali.

A ranar 23 ga Agusta, 1926, 2GB ya fara watsa shirye-shirye. Na'urar tura sautin ta na harabar wani katafaren gida da 'yan ƙungiyar ke zaune a unguwar Mosman. Manufar ƙungiyar ta farko, a rubuce, ita ce ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin 'yan'adam ba tare da duba launin fata, ko addini, ko jinsi ba. Ka riƙe wannan a ran ka, za mu dawo kan sa. Shirye-shiryen farko kuwa laccoci ne da kiɗan gargajiyar Turawa da nasihohi. A wannan shekara ta 1926 ne kuma wani yaro ɗan shekara goma ya sauka Sidni, bayan kakar sa ta zauna da shi a cikin 'yan ƙungiyar a Adyar. Yaron nan shi ne Peter Finch.

Sai dai wa'azi ba ya biyan kuɗin wuta. A tsarin ƙasar na lokacin, gidajen rediyo kashi biyu ne: masu cin kuɗin lasisin da duk mai akwatin rediyo ke biya, waɗanda aka haɗe su ka zama gidan gwamnati na ABC a 1932, da kuma masu ci da talla. 2GB ya na cikin kashi na biyu. Manajan sa, A. E. Bennett, ya gane cewa mai talla ba ya sayen lacca, kunnuwa ya ke saye. Duk abin da zai faru da gidan nan har shekara ɗari, daga wannan ganewar ya taso.

Zamanin da kunne ke kallon fim

A 1933 Bennett ya tafi Amurka neman wasannin kwaikwayo da aka ɗauka a manyan faya-fayai. A can ya haɗu da wata 'yar kasuwa 'yar jihar Texas, Grace Gibson, wadda ta sayar masa da kaya har ya ga ba zai iya barin ta ba. A 1934 ta zo Sidni da niyyar ɗan taƙaitaccen zama, ashe a can za ta ƙare rayuwar ta. Daga baya, a 1944, ta kafa kamfanin ta, wanda ya zama gagara-badau wajen shirya wasannin rediyo masu dogon zango.

A 1936 attajirin nan mai jaridu, Sir Hugh Denison, ya karɓe ragamar gidan daga hannun 'yan ƙungiyar, sa'annan a 1938 aka kafa gamayyar Macquarie, wadda ta haɗa gidajen rediyo da dama a faɗin ƙasar, 2GB na matsayin uwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, gwamnati ta hana shigo da faya-fayan Amurka don tattalin kuɗin waje. Wannan hani ya zama gobarar Titi ga 'yan wasan gida, domin sai aka koma sayo labaran a rubuce, 'yan ƙasa su hau kai. Nan da nan Sidni ta cika da marubuta da daraktoci da jarumai, ɗan wasa ya fita daga wannan situdiyo a guje ya faɗa wancan, da safe likita ne, da rana ɗan fashi, da dare masoyi.

Ka kwatanta abin a ran ka. Babban zaure ne a titin Phillip, 'yan kallo sun cika kujeru, jarumai sun sha kwat su na tsaye gaban makirufo da takardu a hannu. A gefe ga wani mutum da tarkace: ƙofa 'yar ƙarama da zai buga idan an yi fushi, tire cike da tsakuwa da zai taka idan ana tafiya, ɓawon kwakwa na sukuwar doki. A gidaje kuwa iyali sun kewaye akwati, kowa ya na haska nasa fim ɗin a cikin kan sa. Kamfanonin sabulu su ne iyayen gidan shirye-shiryen. Shirin Lux Radio Theatre na Ostireliya a 2GB ya fara a 1939, kamfanin Colgate-Palmolive kuwa har rukunin 'yan wasa da mawaƙa na kan sa ya ke da shi.

Gamayyar Macquarie ta fito da kyautar gwarzon ɗan wasan rediyo, Finch ya lashe ta a 1946, ya sake lashewa a 1947. A shekarar da ta biyo baya Laurence Olivier ya gan shi ya na wasa a wata masana'antar gilashi lokacin hutun cin abincin ma'aikata, ya ba shi shawarar ya taho Landan. Haka shi ma Rod Taylor, wanda ka gani a The Time Machine na 1960 da The Birds na Alfred Hitchcock a 1963, daga rediyon Sidni ya fito. Kyautar wasan rediyo da ya ci a 1954 ce ta ba shi tikitin jirgi, ya sauka a Los Angeles, bai ƙara gaba ba.

Amma tauraron 2GB na gaske a wancan zamani shi ne Jack Davey, haifaffen Niyu Zilan da ya zo Sidni a 1931. Gwanin kacici-kacici ne da barkwanci, mai amsa a bakin sa kafin ka rufe naka, ga kashe kuɗi kamar ba gobe. Da ciwon daji ya kashe shi a Oktoban 1959, an ƙiyasta mutum fiye da 100,000 ne su ka tsaya a titunan Sidni don rakiyar gawar sa. Yawancin su muryar sa kawai su ka sani.

Muryar da aka kai Tokiyo

Kafin mu bar wannan zamani, ga wani labari da marubutan mu za su so. Charles Cousens mai gabatar da shirye-shirye ne a 2GB, mai murya kamar an tace. Da yaƙi ya zo ya sa kaki, ya kai muƙamin manjo, Japanawa su ka kama shi lokacin da Singafo ta faɗi a Fabrairun 1942. Da su ka gano sana'ar sa, sai su ka ɗauke shi zuwa Rediyon Tokiyo, su ka sa shi shirya shirin da ake watsa wa sojojin ƙawance don a karya masu zuciya. Shi ne ya zaɓo wata Ba'amurkiya 'yar asalin Japan da yaƙi ya rutsa da ita a can, Iva Toguri, ta zama muryar shirin. Ita ce duniya ta laƙaba wa Tokyo Rose.

Cousens ya ce tilasta masa aka yi, kuma da gangan ya zaɓi mai kaushin murya, ya cusa raha a rubutun, don farfagandar ta zama abin dariya. Bayan yaƙi, a 1946, aka gurfanar da shi bisa zargin cin amanar ƙasa. An janye tuhumar, amma soja su ka tuɓe masa muƙami. 2GB ya maida shi bakin aiki. A 1949 ya tafi San Francisco ya ba da shaida don kare Toguri, duk da haka aka ɗaure ta, sai a 1977 Shugaba Gerald Ford ya yi mata afuwa. Tambayar da shari'ar ta bari ita ce: mai magana a makirufo, shi ke da alhakin abin da maganar sa ta haifar, ko wanda ya ba shi makirufon? Wannan tambaya za ta sake ƙwanƙwasa ƙofar gidan bayan shekara 60.

An buɗe layi

A Satumban 1956 talbijin ya iso Sidni. Cikin 'yan shekaru ya kwashe wasannin kwaikwayo, da kacici-kacici, da jarumai, da kamfanonin sabulu gaba ɗaya. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Wasu gidajen su ka koma sa waƙoƙin matasa dare da rana. 2GB, wanda masu sauraron sa manya ne, ya rasa tudun dafawa, sai ya jingina da masu sharhi irin su Eric Baume da wata dattijuwa mai kaifin harshe da ake kira Andrea, wadda ta taɓa yin ƙananan fitowa a Holiwud tun zamanin finafinan da ba su da sauti.

Abin da ya hana a sa muryar mai sauraro a iska shi ne doka. Hukumar gidan waya ta haramta haɗa layin tarho da na'urar watsa shiri. Sai a Afrilun 1967 aka ɗage haramcin, bisa sharuɗɗa: a riƙa sa wata 'yar ƙara a layi don mai magana ya san ana ɗaukar sa, kuma a jinkirta sautin da daƙiƙa bakwai, ta yadda idan wani ya ɗura ashar ko ya yi wa wani ƙazafi, ma'aikaci zai danna maɓalli ya yanke kafin ta kai kunnen jama'a. Turawan can su na kiran wannan salo talkback, wato a yi maka magana ka mayar.

Ka duba arahar abin, mai karatu. Wasan kwaikwayo na rabin awa ya na buƙatar marubuci, da darakta, da jarumai biyar ko goma, da makaɗa. Shirin bugo waya kuwa mutum ɗaya ne da furodusa da layukan tarho. Labari na zuwa kyauta daga jaridun safe. 'Yan wasa su na zuwa kyauta, har ma su ke biyan kuɗin kiran. Kuma kada ka ɗauka duk wanda ya bugo ake sakawa. Furodusa ne ke fara ɗauka, ya ji abin da mutum zai faɗa, ya rubuta wa mai gabatarwa a allo, shi kuma ya zaɓi wanda zai ƙara wa wutar itace. Zaɓen 'yan wasa ke nan, ko ba haka ake yi a industiri ba? Akwai jarumi, shi ne mai gabatarwa. Akwai wanda aka zalunta, shi ne mai sauraro. Abin da ya rage kullum shi ne a samo mugu.

Ƙarfin wannan salo ya fito fili a ranar 14 ga Mayu, 1986. John Laws, wanda ake wa kirari da mai maƙogwaron zinare, ya na 2GB a lokacin. Ministan kuɗi Paul Keating ya yi magana da shi ta tarho daga wani wurin taro a Melbon, ya ce in ba a gyara tattalin arziki ba ƙasar za ta zama jamhuriyar ayaba, wato irin ƙananan ƙasashen da ba su da abin sayarwa sai amfanin gona ɗaya. Kafin rana ta faɗi darajar dalar Ostireliya ta rikito. Daga nan 'yan siyasa su ka gane cewa ga hanyar shiga kicin ɗin talaka ba tare da ɗan jarida ya tace maganar ba. John Howard, firaminista daga 1996 zuwa 2007, ya maida irin waɗannan shirye-shirye kamar zauren gidan sa.

Duk da haka 2GB ya sha wuya. Laws ya koma gidan 2UE, babban abokin hamayya, a 1988. Gidan ya yi ta sauya hannu, har wata ƙungiyar coci ta riƙe shi na wani lokaci, masu sauraro na ta zarewa. A 1996 wani gogaggen ɗan kasuwar talla, John Singleton, ya saye shi. Dabarar sa ɗaya ce: a je gidan maƙwabci a ɗauko amaren. A ƙarshen 2001 ya janyo Ray Hadley, tsohon direban tasi da ya zama gwanin sharhin wasan zari-ruga. A 2002 kuma ya kamo babban kifi, Alan Jones, har da ba shi hannun jari a kamfanin.

Yini guda a zango 873

Jones tsohon malamin makaranta ne, ya taɓa rubuta wa Firaminista Malcolm Fraser jawabai, kuma shi ne kociyan da ya kai ƙungiyar zari-ruga ta ƙasar ga gagarumar nasara a Birtaniya da Ailan a 1984. Da zuwan sa da Hadley, 2GB ya haye saman tebur a Sidni, ya daɗe a can.

Ga yadda yinin gidan ya ke a zamanin su. Ƙarfe 5:30 na asuba Jones zai buɗe da dogon sharhi, sai hira da minista ko shugaban 'yan adawa, sai kiran masu sauraro, har ƙarfe 9:00. Daga nan Hadley ya karɓa zuwa 12:00, da labaran kotu da 'yan sanda da ƙorafin unguwa. Da rana a sassauta, a yi hirar lafiya da girki da nishaɗi. Da yamma shirin masu komawa gida a mota, da rahoton cunkoson hanya. Da dare wasanni da harkar kuɗi, sa'annan shirin tsakar dare na direbobi da masu gadi da tsofaffin da barci ya ƙaurace wa. Asabar da Lahadi kuwa na masu lambu ne da sharhin ƙwallo kai-tsaye. Kowace awa akwai labarai, kowane 'yan mintuna akwai talla, kuma tallar da ta fi tsada ita ce wadda mai gabatarwa ya karanta da bakin sa, domin mai sauraro ya riga ya yarda da muryar.

Kada mu yi wa gidan rashin adalci. Tsohuwar da hukuma ta yi wata shida ta na yi wa yawo da hankali, idan ta samu shiga layi, sau da yawa kafin azahar an kira ta daga ofishin minista. Manoman da fari ya cinye sun samu gudunmawa ta wannan hanya. Ga wanda ke zaune shi kaɗai a ɗaki, muryar nan ita ce abokin hira. Jones ya kan ce shi kakakin masu fama da rayuwa ne, su kuma su ka riƙe shi gam. Sau takwas ake ƙidayar masu sauraro a shekara, shi kuwa sau 226 ya na zuwa na ɗaya a shirin safe, idan aka haɗa zaman sa a 2UE da 2GB.

Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A 1999, lokacin Jones da Laws duk su na 2UE, shirin Media Watch na gidan ABC ya tona cewa Laws, wanda ya saba caccakar bankuna, ya sauya harshe bayan ƙungiyar bankunan ta ƙulla yarjejeniyar kuɗi da shi. Binciken hukuma ya gano cewa shi da Jones duk su na da irin wannan ciniki da manyan kamfanoni ba tare da an gaya wa masu sauraro ba. Daga nan aka kafa dokar cewa dole mai gabatarwa ya bayyana masu ɗaukar nauyin sa. Masu sauraro kuwa ko gezau, washegari su ka sake murɗo shi.

Makon Cronulla

Cronulla unguwa ce a bakin teku a kudancin Sidni, inda jirgin ƙasa ke kawo matasa daga unguwannin yamma, ciki har da 'ya'yan Larabawan Labanan da aka haifa a ƙasar. A ranar 4 ga Disamba, 2005, faɗa ya kaure tsakanin wasu daga cikin waɗannan matasa da masu aikin sa-kai na ceton masu wanka, aka ji wa masu ceton rauni. A wurin Baturen Ostireliya, taɓa mai ceto a bakin teku babban abu ne. Saƙonnin tes su ka fara yawo, ana kiran farar fata su fito ranar Lahadi su ƙwato bakin tekun su.

Duk tsawon makon, shirin safe na 2GB bai da wani zance sai wannan. Masu bugo waya na ta kumfar baki, Jones ya karanta ɗaya daga cikin saƙonnin nan a iska. An samo mugu. Ranar Lahadi, 11 ga wata, mutum wajen 5,000 su ka taru, da tutoci da giya. Kafin la'asar an koma farautar duk wanda ya yi kama da Balarabe, ana duka a titi da cikin jirgin ƙasa. Da dare kuma wasu matasan su ka fito ramuwar gayya, su ka farfasa motoci, aka soki mutum da wuƙa.

A Afrilun 2007 hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasar, ACMA, ta yanke cewa abin da 2GB ya watsa a wancan mako zai iya ingiza tashin hankali, kuma ya tozarta 'yan asalin Labanan da Gabas ta Tsakiya saboda asalin su. Jones ya yi fatali da hukuncin, ya ce shi ya gargaɗi mutane kada su ɗauki doka a hannu. Firaminista Howard ya fito ya yabe shi. Shirin ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ka tuna manufar waɗanda su ka kafa gidan a 1926? 'Yan'uwantaka ba tare da duba launi ko addini ba. Allah Sarki!

Daƙiƙa bakwai ɗin nan na iya tare ashar guda. Ba za su iya tare zugar kwana biyar ba. A wasan Finch, idan an kashe makirufo mugu ya kan ajiye takarda ya tafi shan shayi da jarumi. A wannan sabon wasan, mugun mutum ne mai uwa da uba, kuma zai hau jirgi ya koma gida.

Ranar da masu talla su ka gudu

Abin da hukuma ta kasa, kasuwa ce ta yi shi. A Satumban 2012, makonni kaɗan bayan rasuwar mahaifin Firaminista Julia Gillard, Jones ya faɗa a wata liyafar ɗalibai 'yan jam'iyyar Liberal cewa kunyar ƙaryar 'yar sa ce ta kashe tsohon. Wani ɗan jarida ya naɗi maganar. Jones ya nemi gafara, amma magana zarar bunu ce. A wannan karon mutane ba su tsaya kai ƙara hukuma ba. Ta Facebook da Twitter su ka bi kamfanonin da ke talla a shirin ɗaya bayan ɗaya. Fiye da 70 su ka janye, kamfanin Mercedes-Benz ya karɓe motar da ya ba shi, har gidan ya dakatar da talla kacokan a shirin na ɗan lokaci. Tarho ya ba mai sauraro baki a 1967, intanet kuma ta ba wanda ba ya sauraro baki.

A 2018 wata kotu a jihar Queensland ta umarci Jones da 2GB da wani gidan na Brisbane su biya wasu 'yan'uwa huɗu na iyalin Wagner sama da dalar Ostireliya miliyan 3.7, saboda ya yi ta ɗora masu alhakin mutuwar mutum 12 a ambaliyar garin Grantham ta 2011, alhali hukumar bincike ta wanke su. A Agustan 2019 ya ce a cusa wa Firaministar Niyu Zilan, Jacinda Ardern, safa a maƙogwaro saboda maganar ta kan sauyin yanayi. Masu talla su ka sake watsewa. A wannan shekara ce kamfanin talbijin na Nine ya mallaki gidan baki ɗaya. A Mayun 2020 Jones ya yi sallama, ya ce shawarar likitoci ce, ya na kan matsayin na ɗaya. Ben Fordham ya gaje shi. Hadley shi ma ya ajiye makirufo a Disamban 2024.

To, mai karatu, a Agustan 2026 ne 2GB ke da shekara 100 cif. Ya sayar da lacca, ya sayar da soyayya da dariya, ya sayar da fushi, amma hajar da ke kan teburin sa ba ta taɓa canzawa ba tun zamanin Bennett: kunnen ka ne. Gobe da safe, idan ka ji mai gabatar da shirin da ka fi so ya ɗaga murya, jinin ka ya fara tafasa, hannun ka ya kai ga waya, ka ɗan dakata daƙiƙa bakwai. Ka tambayi kan ka wa ya biya kuɗin wannan fili, wa aka zaɓa ya fito a mugu yau, kuma kai wace rawa aka ba ka.